Ranau Maƙi-Zama da Rijiyar Cindo

A zamanin da giwaye ke sauka garke-garke su sha ruwa a Kogin Marke, tun ba a san ƙarar bindiga a wannan ƙasa ba, an yi wani maharbi ana ce da shi Ranau. Mutumin arewa ne, daga wani gari da a yau ko kufansa ba a sani ba. Dogo ne siriri, mai jan ido, ba ya sa komai sai warki da ɗamarar layu, kwarinsa kuma ba ya rabuwa da kibiya goma sha biyu masu dafi. Sunan mahaifiyarsa Gwamma. Yana da ƙane guda ɗaya, Tunau, wanda suke uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun suna samari ba a taɓa ganin ɗaya ya shiga daji ba tare da ɗayan ba.

Wata rana da hantsi, a ƙarshen damina, lokacin da gamba ta fi tsawon mutum, suka bi sawun garken gwanki. Tunau ya yafa fatar gwanki mai ƙaho, kamar yadda maharba kan yi don su kusanci nama, ya zaga ta bayan garken bai gaya wa yayansa ba. Ranau ya hangi ƙaho yana motsi a cikin ciyawa, ya ja baka ya saki. Da ya isa wurin, sai ya tarar da ƙanensa kwance, kibiya a haƙarƙari. Dafin da suka dafa tare ne, kuma su biyun sun san ba shi da makari. Ranau ya goya shi ya nufi gida da gudu, amma kafin rana ta take Tunau ya cika a bayansa.

Dattawan gari suka taru a ƙofar gidan mai gari. Ranau ya zube a gabansu ya ajiye baka da kwari, ya ce su yanke masa duk hukuncin da suka ga dama. Suka dubi juna, suka ce ƙaddara ce, ba wanda ya isa ya tare ta, ya tashi ya je ya yi wa mahaifiyarsa gaisuwa. Ya sake roƙonsu, suka sake ce masa ya tashi. Ita kuwa Gwamma ba ta zage shi ba, ba ta yi kuka a gabansa ba. Kullum sai ta kawo masa tuwo ta ajiye, ta juya ba ta ce uffan ba. Kwana arba'in ya yi a haka. A cikin kwanakin nan ne zama ya gagare shi. In ya zauna a tabarma sai ya ji kamar garwashi aka shimfiɗa masa, sai ya miƙe ya kama kai da kawowa a tsakar gida. A tsaye yake cin abinci, a jingine da bango yake runtsawa. Ran da aka cika arba'in ya ɗauki bakansa ya fita ta ƙofar kudu, bai ƙara komawa garin ba.

Kwana uku da fitarsa ya fara ganin gwankin nan. Babban namiji ne, fari-fari, ƙahonsa na hagu a karye. Ya tsaya a kan wani tudu yana kallon Ranau. Ranau ya harbe shi, kibiya ta faɗi a gabansa kamar an kaɗe ta da hannu. Gwankin ya juya ya yi tafiyarsa ba gudu ba, Ranau ya bi shi. Masu ba da labari sun ce shekara goma sha huɗu ya yi yana bin wannan dabba. Wani lokaci ta ɓace masa tsawon damina guda ko biyu, sai kuma wata safiya ya fito ya ga sawunta a bakin bukkarsa.

A duk inda gwankin ya ɓace masa, nan Ranau ke yada zango. Da yake ya san daji kamar tafin hannunsa, ba ya sauka sai inda ruwa ke kusa. Yakan kashe zakin da ke wurin, ya kori kuraye, ya ƙone sarƙaƙiyar da macizai ke ciki. Zamanin kuwa na gudun hijira ne, yaƙi da yunwa sun tarwatsa mutane daga arewa, ana ta yawo da yara a goye da iri a cikin ƙwarya. In suka hangi hayaƙin Ranau sai su matso, su tarar da nama a rataye da ruwa a kusa, su roƙe shi su zauna. Shi kuwa ba ya hana kowa. Yakan nuna musu ƙasa da bakansa, ya ce, “Daga can zuwa can naku ne.” Su share gona, su kafa ɗakuna, su fara kiransa Sarkin Baka ko da yake ba wanda ya naɗa shi. Da sun fara shawarar gina masa gida su ba shi mata, sai gwankin ya sake bayyana, Ranau ya ɗauki kwarinsa ya wuce ko sallama babu.

Ta haka aka sami ƙauyuka shida, kowanne yana cewa Ranau ne ubansa, kuma ba ɗaya da ya san inda yake. Mata masu daka suka yi masa kirari, har yau tsofaffi na tunawa da shi:

Ranau na Gwamma, yayan Tunau!
Guguwa mai cin tuwo a tsaye,
Baƙon da ya share gari ya bar wa 'yan gari,
Sawunka a nan, inuwarka a can!

Biyu daga cikin ƙauyukan nan su suka jawo abin da ya biyo baya. Na farko shi ne Kurmin Ɗinya, mutanen wani manomi mai suna Anaruwa, mutum mai ƙoƙari amma mai saurin hannu. Ranau ya taɓa tsayawa da shi a gindin wata babbar tsamiya, da damina, fadama ta cika da ruwa ta yi kore shar, ya nuna gabas ya ce, “Daga tsamiyar nan zuwa kogi naka ne.” Bayan shekara tara ya ɓullo ta wancan gefe tare da waɗansu maƙera, babbansu Gagare, baƙin mutum mai faɗin ƙirji wanda ba ya yawan magana. Lokacin rani ne, fadamar ta bushe ta yi fari. Ranau ya tsaya a bakin kogi ya nuna yamma ya ce, “Daga kogin nan zuwa waccan tsamiya naka ne.” Bai gane wurin ba, don idonsa na ƙasa yana neman sawu. Maƙeran suka kafa ƙauyensu a kan tudu, suka sa masa suna Tudun Zuga.

Shekaru suka wuce ba a sami saɓani ba, don kowa gonarsa ta tudu na isarsa. Sai aka yi wata shekara ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta kai gwiwa ba. Gonakin tudu suka ƙone, ba inda ya rage da laima sai wannan fadama. Mutanen Anaruwa suka sauko da fartanyu daga yamma, mutanen Gagare suka sauko daga gabas, suka haɗu a tsakiya, kowa na rantsuwa Ranau ne ya ba shi. Daga cacar baki aka kai ga ture-ture. Cindo, ƙanen Gagare, ya riƙe hannun Anaruwa don ya raba, Anaruwa ya fizge ya kai masa ƙotar fartanya a ƙeya. Cindo ya faɗi bai shura ba.

Ranau bai san an yi ba. Kwana biyu bayan haka sawun gwanki ya kawo shi wata gaɓar kogi inda ake haƙar yumɓu. Ya tarar da wata tsohuwa maginiyar tukwane, Iya Kyauta, tana cuɗa yumɓu da diddige. Ita kaɗai take zaune a wurin, tana kai tukwanenta duk ƙauyukan shida, don haka ba labarin da ke wuce ta. Ya yi mata sannu, ya tambaye ta ko ta ga gwanki mai karyayyen ƙaho.

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ce, “Kai ne Ranau.”

“Ni ne, Iya.”

“To zauna ka sha ruwa.”

“Na gode, a tsaye ma zan sha.”

Ta miƙa masa moɗa, ta ce, “Daga garinku zuwa nan, tafiyar kwana nawa kake jin ka yi?”

Ya ce, “Wa zai ƙirga, Iya? Shekara goma sha huɗu ban juya baya ba. Ina jin na kusa ƙarshen ƙasa.”

Tsohuwar ta goge hannunta a zane, ta ɗauki sandarta ta ce ya biyo ta. Akwai wani dutse a bayan mahaƙar, ba shi da tsawo ƙwarai amma ya fi duk abin da ke kewaye da shi. Suka hau, tana tsayawa tana numfashi, shi kuwa yana wuce ta yana dawowa. Da suka kai ƙololuwa ta ce, “Juya ka ƙirga hayaƙi.”

Ranau ya juya a hankali. Ga hayaƙi a arewa, ga wani a gefensa, ga wani a gabas, haka har shida, sun zagaye dutsen kamar duwatsun murhu. Ya gane kukar da ya fara sauka a gindinta. Ya gane giginyu uku na zangonsa na huɗu. Ba ɗaya daga cikinsu da ya kai tafiyar yini daga inda yake tsaye. Ashe duk shekarun nan dabbar kewaya shi take yi a wuri ɗaya. Duk da haka bai zauna ba.

Iya Kyauta ta nuna masa ƙasa da sandarta. “Ka ga tsamiyar can? Ka ga kogi? Ka ga mutanen da suka yi baƙi a gefe biyu? Sau biyu ka ba da wannan fadama, ɗan nan. Shekaranjiya an kashe mutum a kanta. Jiya Gagare bai ƙera fartanya ko ɗaya ba, kan mashi ya wuni yana yi. Sauran ƙauyuka huɗu sun rabu, biyu nan biyu can. In rana ta karkata ba a yi wani abu ba, gobe ba mai sayen tukunyata sai ta wankan gawa.”

Ranau ya ce, “Ni ba sarki ba ne, Iya. Ban san shari'a ba. Ni da kaina na nema ban samu ba.”

Ta ce, “Ban ce kai sarki ne ba. Bakinka ne ya haɗa su. Sawun gwankinka kuwa ga shi can ya haye kogi, na gan shi da safe. In shi za ka bi, hanya ga ta. Ni dai sai na lallaɓa na sauka.”

Ya daɗe yana duban ƙetaren kogi. Sa'an nan ya gangara ta ɓangaren fadama.

Da mutane suka ga dogon mutum mai warki ya ratso tsakaninsu, sai hayaniya ta mutu. Tsofaffin cikinsu suka gane shi. Aka kawo turmi aka kifa, aka ce ya zauna ya raba gardama. Ya ce ba zai iya zama ba. Ya kira Anaruwa da Gagare, ya ce kowa ya ajiye makaminsa, su biyun kaɗai su biyo shi su taka iyakar ƙasar da ake faɗa a kanta, kowa ya faɗi ta bakinsa suna tafe. Bai ɗauki komai ba sai bakansa da kwari da gorar ruwa guda.

Suka tashi daga tsamiya rana na tsaka. Anaruwa ya fara, da ƙarfi, yana faɗin yadda aka ba shi ƙasar da shekarun da ya yi a kanta. Gagare ya jira har ya gama. Sa'an nan ya ce, “Ni ban zo maganar ƙasa ba. Uwarmu ta haifi tara, mu biyu muka rage. Cindo ke yi mini zuga tun yana ɗan shekara bakwai. Rai nake nema.”

Ranau na gaba suna biye, kuma tafiyar maharbi ba irin ta manomi ko maƙeri ba ce. Ƙasa ta yi zafi, ƙaya na kama su, ba inuwa. Kafin su kai kogi murya ta ƙare wa Anaruwa. Da suka juyo ta gefen kudu Ranau ya miƙa wa Gagare gora, Gagare ya sha, ya tsaya riƙe da ita. Anaruwa bai roƙa ba, leɓɓansa sun tsage. Gagare ya ajiye gorar a ƙasa ya yi gaba, Anaruwa ya sunkuya ya ɗauka.

A nan ne Ranau ya fara magana, bai waiwayo ba. Ya ba su labarin Tunau tun daga fatar gwanki har zuwa tuwon da Gwamma ke ajiye masa. Ba wanda ya taɓa jin wannan daga bakinsa. Ya ce, “Dattawanmu sun ce in tashi, ba komai. Tun ran nan ban zauna ba. Anaruwa, in aka ce maka ba komai, kada ka yarda, ƙarya ce.”

Anaruwa ya rufe fuska da hannu, ya ce, “Kwana biyu ke nan ina jin ƙarar ƙotar nan a kunnena.”

Suka iso inda Cindo ya faɗi, a tsakiyar fadama, jama'a na hangen su daga nesa. Ranau ya cire kibiya ɗaya, ya haɗa da baka ya miƙa wa Gagare. Ya ce, “Hannun Anaruwa ne ya buga, amma bakina ne ya kawo su nan. Rai kake nema. Fara da nawa. In bai ishe ka ba, ga shi nan tsaye.”

Gagare ya karɓa. Ya ɗana kibiya, ya ja tsirkiya har kunne, bakin kibiyar na duban ƙirjin Ranau. Mata suka fara salati daga gefe biyu. An ce a wannan lokaci fuskar Ranau ta saki, kamar ta mutumin da ya sauke kaya. Gagare ya ga haka. Ya daɗe a ɗane, sa'an nan ya sassauta tsirkiyar.

Ya ce, “A'a, Sarkin Baka. Na gane ka. So kake ka sake tafiya ka bar mu da abin da ka shuka, wannan karon inda ba mai biyo ka. Ba zan ba ka ba.” Ya soke kibiyar a ƙasa. “Tun da ka ba ni hukunci, ga shi. Daga tsamiya zuwa kogi, ƙasar da ka bayar sau biyu, ba ta Anaruwa ba ce, ba tawa ba ce. Taka ce, kuma ita ce iyakarka. Ba za ka wuce tsamiya ba, ba za ka haye kogi ba, har ka mutu. Duk wanda ya sami saɓani a ƙauyukan nan shida, a nan zai same ka.”

Ranau ya dubi ƙetaren kogi. Waɗanda suka ga abin sun ce da aka ɗana masa kibiya bai motsa ba, amma da ya ji wannan sai gumi ya keto masa. Ya ce, “Na karɓa.”

Gagare ya juya ga Anaruwa. “Kai kuma, a nan inda ya faɗi za ka haƙa rijiya da hannunka, ba mai taya ka. Kowa zai sha, mutum da dabba, na gida da baƙo. Kai kaɗai ba za ka sha ba, kai da 'ya'yanka da jikokinka. Ku ne masu yasarta duk shekara. Sunan ƙanena za ta ci.”

Anaruwa ya durƙusa ya ce ya ji. Washegari ya zo da dagi. Wata biyu ya yi yana haƙa, shi ke shiga shi ke fid da ƙasa, ya ratsa marmara gaba uku kafin ya tarar da ruwa. A shekarar nan aka raba fadama kunya-kunya tsakanin ƙauyukan shida, Ranau na tafe yana aunawa da taku, kuma da abin da aka samu a cikinta aka tsallake yunwa.

Mutane suka sari itace suka ɗaura wa Ranau tsaikon ɗaki kusa da rijiya. Da za su baibaye shi da ciyawa ya hana, ya ce in aka rufe sama numfashi zai gagare shi. Haka tsaikon ya tsaya tsirara shekara da shekaru, ana hango shi daga nesa. Mai zuwa kai ƙara sai ya ce, “Na tafi Tsaiko.” Nan garin ya sami sunansa. Iya Kyauta ce ta fara kawo tukwanenta bakin rijiya ran Talata, don ta huta da zagayen ƙauyuka. Maƙera suka biyo ta da fartanyu, mata suka kawo daddawa da man kaɗe, fatake masu gishiri suka ji labari suka karkato hanyarsu. Masu jiran shari'a suka kafa rumfuna, rumfuna suka zama gidaje.

Amma kada a ce Ranau ya sami natsuwa. Bai samu ba. Tun asuba yake fara kewaya iyakarsa, daga tsamiya zuwa kogi, daga kogi zuwa tsamiya, har ƙafarsa ta fid da turba mai zurfi kamar ta shanu. Mai ƙara da wanda ake ƙara dole su bi shi su faɗi ta bakinsu suna tafe, da gora ɗaya a tsakaninsu. Da yawa kafin a kammala zagaye sun sasanta don gajiya. Waɗanda suka kai ƙarshe kuwa, hukuncinsa gajere ne, kuma ba a taɓa jin ya ce wa mai laifi ba komai ba.

A shekara ta bakwai da ɗaure shi, da kaka, gwankin ya dawo. Iya Kyauta, wadda ta tsufa ƙwarai a lokacin, tana zaune a gaɓa tana tsince tsakuwa daga yumɓu, sai ta ga Ranau ya tsaya cak a bakin ruwa. A ƙetare ga dabbar tsaye a kan yashi, ƙahonta a karye, tana kallonsa. Kogin ya janye, bai fi gwiwa ba. Ranau ya sa ƙafa ɗaya a ruwa, ya sa ta biyu. Ya yi taku uku.

Tsohuwar ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Ɗan nan, akwai mata biyu daga Kurmin Ɗinya a bakin rijiya tun hantsi. A kan akuya ne. Ɗaya ma da goyo.”

Bai juyo ba. Ya ce, “Iya, in na bar shi ya tafi yau, ba zai dawo ba.”

Ta ce, “Ina jin haka.”

Ya tsaya a cikin ruwan har inuwa ta fara tsawo. Gwankin ya kaɗa kunne, ya juya ya shiga cikin kyauro. Ranau ya bi shi da ido har ciyawar ta daina motsi. Sa'an nan ya fito, ya rataye bakansa a jikin tsaiko, ya je ya ce wa matan nan su biyo shi. Daga ranar ba a ƙara ganin dabbar ba, shi kuma bai ƙara ɗaukar baka ba.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a Tsaiko. Bai yi aure ba, bai bar ɗa ba. Da ƙafafunsa suka gaza sai ya riƙa dogara sanda biyu, zagayen da yake yi kafin azahar ya koma ɗaukar masa yini. Wata rana da la'asar aka same shi jingine da tsamiya, fuskarsa na duban cikin gari, ya cika. Gagare, wanda shi ma gashinsa ya yi fari, shi ya sa shi a kabari, ta gefen gabas na itacen, cikin iyaka. Aka ce ya tsaya a kan kabarin ya ce, “Ka cika, Sarkin Baka. Yanzu kwanta.”

Tsaiko ba ta taɓa zama babban birni ba, ba ta kuma yi ganuwa ba. Turbar da Ranau ya fitar ita ce titin da ya zagaye tsohon gari a yau, inda 'yan acaɓa ke ta kai da kawowa. Ƙauyukan shida sun hayayyafa sun haura arba'in, kuma da aka zo kafa hedikwatar ƙaramar hukuma ba a yi dogon musu ba, don tun kaka da kakanni nan ake kawo ƙara. Akwai sakatariya mai jan kwano, da kotu, da asibiti, da tashar mota da ba ta rabuwa da hayaniya. Kasuwa na ci ran Talata har yanzu. Maƙwabta na tsokanar mutanen Tsaiko da cewa ba su iya zama ba, in ka ba su kujera sai su tsaya a bayanta suna magana. Ni da na yi shekara ashirin da shida ina magatakarda a kotun garin, na shaida akwai gaskiya a ciki. Sau da yawa dattawa kan roƙi alƙali ya ɗaga shari'ar gona ko ta gado, su ce, “A ba mu su mu taka da su tukuna.” Sai a ga mutum biyu da tsoho ɗaya sun kama titin zagaye cikin rana, da butar ruwa guda. Fiye da rabinsu ba sa dawowa gabanmu.

Rijiyar Cindo na nan a tsakiyar kasuwa. An ɗaure bakinta da siminti, an kuma haƙa rijiyoyin burtsatse a unguwanni, amma masu shayi sun ce ruwanta ya fi. Duk shekara, kafin ruwan farko, zuriyar Anaruwa kan zo daga Kurmin Ɗinya da igiya da bokitai su yashe ta. A cikinsu akwai malaman makaranta, akwai direbobi, akwai wanda ke zuwa takanas daga Legas. Bara na je kallo. Babbansu, Malam Nomau, mai shekara saba'in da 'yan kai, ya ƙi yarda a hana shi shiga. Ya yi kusan sa'a biyu a ciki, ruwa har ƙirji, yana cika bokiti da laka ana ja. Da aka fito da shi yana haki, leɓɓansa sun bushe, sai wata baƙuwa mai sayar da gyaɗa, wadda ba ta san garin ba, ta ɗebo ruwan rijiyar a kofi ta miƙa masa.

Ya dubi kofin, ya yi murmushi, ya ce, “Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ba ɗan Tudun Zuga can, na ga tun ɗazu yake jira.”

Sa'an nan ya saɓa rigarsa a kafaɗa, ya ratsa kasuwa da laka a ƙafafunsa, ya nufi kogi.